Yadda na koyi ɗaure lissafi dami-dami a cikin Excel



Yau magana ce kan wani ɗan maɓalli da ke cikin Excel, wanda yawancin waɗanda suka yi horon kwamfuta na wata uku ba su taɓa latsa shi ba. An koya mana rubuta suna, an koya mana tara lamba, an koya mana sa launi da zana layi, an miƙo mana takardar shaida. Amma ranar da lissafi ya yi tsawo har ya wuce abin da ido ke gani a allo ɗaya, sai ka ga mai takardar shaida yana ta murza linzami sama da ƙasa, jama'a na kallonsa, shi kuma yana kallon allo.

Ni dai aikina riƙe lissafin wata haɗakar bankunan cimaka ne, ƙauyuka goma sha ɗaya cikin kwamin biyu, a nan jahar Maraɗi. Ga wanda bai san tsarin ba: da kaka, lokacin da hatsi ke da araha, ana saye a zuba a mangaza. Idan damina ta faɗi, rumbuna sun yi ƙasa, sai a buɗe a sayar wa ƴan ƙauye da rangwame, ko a ba su bashi su biya da hatsi bayan girbi. Wanda ya ga shekarar 2005 a ƙasar nan ba sai an yi masa bayanin amfanin wannan ba. Kuma duk wanda ke yawo a karkara ya taɓa ganin mangazar da aka gina da siminti, yanzu awaki ke kwana a cikinta. Sau da yawa idan ka bincika, bashin da ba a biya ba ne ya kashe ta, da lissafin da ba wanda ya gane kansa, har zargi ya shiga tsakanin mutane, kowa ya janye hannunsa.

Kowane ƙauye na da sakatare mai kaye da bik. Ƙarshen wata sai su kawo littattafansu a zuba cikin kwamfuta. Kowace harka layinta ɗaya: rana, kwamin, ƙauye, sunan mutum, tiya nawa ya karɓa ko tiya nawa ya mayar. Kafin shekara ta zagayo, layukan sun haura ɗari huɗu. Haka na gaji fayil ɗin daga wanda ya riga ni a aikin.

To, a wurin taro ba wanda ke son jin layi ɗari huɗu. Shugabanmu dattijo ne, bai yi lakwal ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Tambayarsa ba ta canzawa: "Malam, ƙauye kaza nawa ya rage?" Kuma yana son amsa kafin shayi ya huce.

Hanya biyu na ga mutane ke bi idan sun shiga wannan hali. Wasu su zaɓi layukan da ba su so su latsa Masquer, su ɓoye su. Alamar da ta rage kawai ita ce lambar layi ta yi tsalle daga 12 zuwa 57, kuma ba kowa ke lura ba. Bayan wata biyu shi kansa mai ɓoyewar ya manta. Wasu kuma su buɗe wani shafi daban, su tara da kalkileta, su rubuta jimillar kowane ƙauye da hannu. Wannan ta fi kyan gani, kuma ta fi haɗari. Gobe wani ya kawo tiya biyar, babban shafi ya canza, ƙaramin yana nan yadda yake. Haɗaka ɗaya ta zama mai lissafi biyu, kuma na biyun ake karantawa a taro.

Wata ƙanwata ce da ke aikin kwantabul a Yamai ta nuna mini hanya ta uku. Ta turo mini wani fayil ta WhatsApp don in ga yadda take tsara nata aikin. Da na buɗe sai na ga wani abu a gefen hagu, bayan lambobin layi: dogayen zare a tsaye, kowane da alamar ragewa a gindinsa, can sama a kusurwa kuma ga ƙananan gidaje uku, 1 da 2 da 3. Na kira ta.

Ta ce, "Yaya, latsa 2 ɗin nan."

Na latsa. Shafin da ya kai tsawon igiyar rijiya ya koma layi tara.

"Yanzu latsa 3."

Komai ya dawo.

Na ce, "To da farko ina suka tafi?"

Ta yi dariya ta ce, "Ba inda suka tafi, Yaya. Naɗe su aka yi kamar tabarma."

Ita tabarma ta gani, ni kuwa dami na gani. Manomi ba ya ƙidaya zangarniya ɗaya-ɗaya idan ana tambayarsa abin da gona ta bayar. Yana ɗaure su, ya ce dami hamsin. Amma idan wani ya yi gardama, ana iya kwance damin a gabansa ya ga abin da ke ciki. Tun ranar nake kiran aikin ɗaurin dami, kuma da wannan suna sakatarorinmu suka san shi.

Ga yadda ake yi da hannu. A ce layukan ƙauye ɗaya sun kama daga 2 zuwa 38, layi na 39 kuma shi ne jimillarsu. Sai ka zaɓi 2 zuwa 38 kaɗai, ban da layin jimilla. Ka hau sama wurin da aka rubuta Données, ka duba can hannun dama, ka latsa Grouper. Idan injinka da Ingilishi yake magana, kamar yawancin waɗanda ake shigowa da su daga Kano, Data da Group za ka gani. Mai sauri kuma ya danne Maj da Alt, ya latsa kibiyar dama. Kibiyar hagu ita ke kwancewa, ko Dissocier. Nan take zare zai fito a gefe. Ka latsa alamar ragewa, layukan su naɗe, alamar ta koma ta tarawa. Ka sake latsawa, su warware.

Abin da ya sa na ce ban da layin jimilla: shi ne katangar da ke tsakanin dami da dami. Idan ka ɗaure ƙauye na farko, ka ɗaure na biyu, ba wani layi a tsakaninsu, Excel zai haɗe su su zama dami ɗaya. Kuma idan ka sa jimillar a cikin ɗaurin, ita ma za ta naɗe tare da sauran, ka rasa abin da za ka nuna.

Ana iya ɗaure dami cikin dami, har hawa takwas. Mu dai ba mu taɓa wuce huɗu ba. Ko wanda ke riƙe lissafin ƙasa baki ɗaya, jahohi 8 da departema 63 da kwamin-kwamin da ƙauyukansu, ba zai cinye takwas ɗin ba. Ana ɗaure kolon ma, wato layukan tsaye: watanni goma sha biyu su naɗe, jimillar shekara kaɗai ta rage. Kuma kada wani ya ce injinsa tsoho ne. Wannan dabara tana cikin Excel tun fitowarsa ta uku a 1990.

Ɗaure ƙauye goma sha ɗaya da hannu aiki ne na minti goma. Akwai wanda ke yi cikin ƙiftawar ido, kusa da Grouper yake, sunansa Sous-total. Idan ka latsa shi, tambaya uku zai yi maka: duk lokacin da me ya canza, me zan yi, a wane kolon? Ka ce: duk lokacin da sunan ƙauye ya canza, ka tara, a kolon ɗin tiya. Shi ke nan. Zai saka layin jimilla ƙarƙashin kowane ƙauye, ya sa babbar jimilla a can ƙasa, ya ɗaure komai, ya fito maka da 1, 2, 3. Na 1 babbar jimilla ce kaɗai, na 2 ƙauye-ƙauye, na 3 kowa da sunansa.

Sai dai a lura da kalmar nan, "ya canza". Sous-total ba ya yawo cikin shafi yana neman ƴan ƙauye ɗaya. Sauka yake yi daga sama, duk inda suna ya bambanta da na samansa sai ya ja layi. Idan layukan a cakuɗe suke bisa ranar da aka rubuta su, ƙauye ɗaya zai iya samun jimilla ashirin. Don haka Trier tukuna, a jera bisa ƙauye, sannan Sous-total. Mai son hawa biyu ya jera bisa kwamin sannan bisa ƙauye, ya yi na kwamin da farko, ya sake yi na ƙauye, amma a karo na biyu ya cire alamar da ke gaban Remplacer les sous-totaux existants. Idan ya bar ta, na biyun zai share na farko. Idan kuma maɓallin ya dushe ya ƙi latsuwa, galibi an mayar da lissafin abin da Excel ke kira Tableau ne, sai an latsa Convertir en plage kafin ya yarda.

Idan ka leƙa cikin gidan jimillar za ka ga wani abu kamar =SOUS.TOTAL(9;E2:E38). Akwai hikima biyu a nan. Ta farko, wannan ƙa'ida ba ta ƙidaya ƴan uwanta, shi ya sa babbar jimilla ba ta ninka lissafi, alhali da SOMME ka ja daga sama har ƙasa da ta haɗa har da jimillolin ƙauyuka ta ba ka ninki biyu. Ta biyu, lambar 9 ɗin nan na nufin a tara har da layukan da aka naɗe. Akwai 109, wadda ke tsallake duk abin da ba a gani. Idan ka ga jimillarka na raguwa duk lokacin da ka naɗe, leƙa wannan lambar.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka.

Lokacin da na karɓi aikin, akwai wani ƙauye daga cikin namu da ake yi wa kallon marasa biyan bashi. Takardar da aka karanta a taron da ya gabata ta nuna sun ɗauki hatsi da damina, ba su mayar da ko tiya ɗaya ba. Wakilinsu, wani tsoho mai ƙarancin magana, abu ɗaya yake maimaitawa: "Hatsin da munka ɗauka mun maida shi. Allah na gani." Ba wanda ya ƙaryata shi a fili, girmansa ya wuce nan. Amma an fara maganar cewa bana ba za a kai musu kaso ba sai sun biya. Wanda ya san watan Agusta a ƙauye ya san me wannan ke nufi ga gidan da rumbunsa ya ƙare tun watan Yuni.

Ranar da na fara gwada Sous-total a kan fayil ɗin, na latsa 2, na ƙidaya. Dami goma sha biyu. Mu kuwa ƙauyukanmu goma sha ɗaya ne.

Sunan ƙauyen da Gidan ya fara. A tsakiyar shekara sun canza sakatare. Na farko ɗan lakwal ne, da rubutun Faransanci ya saba, Guidan yake rubutawa, kuma shi ya rubuta ɗaukar bashi da damina. Na biyu a ajin yaƙi da jahilci ya koyi rubutu, da Hausa, Gidan yake rubutawa, kuma shi ya rubuta biyan da aka yi da kaka. An zuba su cikin kwamfuta yadda suke. A wurinmu suna ɗaya ne, a wurin Excel ƙauyuka biyu ne. Wanda ya shirya takardar taro ya tace Guidan, ya ga bashi ba biya, ya rubuta abin da ya gani. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Cikin layi ɗari huɗu ba idon da zai kama wannan. Cikin goma sha biyu kuwa, ga shi nan ƙuru-ƙuru: wani dami duk ɗauka ne ba mayarwa, wani duk mayarwa ne ba ɗauka.

Wannan matsala tamu ce ta musamman a Nijar, kuma duk mai riƙe lissafi ya sa ta a ransa. Tessaoua da Tasawa, Guidan Roumdji da Gidan Rumji, Madarounfa da Madarumfa, Tahoua da Tawa. Ga Dan da Ɗan. Ga Mahamadou da Mamadu da Muhammadu, mutum ɗaya. Ko tazara ɗaya da hannu ya ƙara a ƙarshen suna, wadda ido ba ya gani, ta isa ta raba ƙauye biyu. Shi ya sa abu na farko da nake yi bayan Sous-total shi ne ƙidaya damin, in gani ko sun yi daidai da abin da na sani a ƙasa.

A taro na gaba na juya allon ga jama'a. Na latsa 2, ƙauyuka goma sha ɗaya suka tsaya, kowane da abin da ya ɗauka da abin da ya mayar. Na latsa alamar tarawa ta ƙauyen nan, na fara karanta sunayen waɗanda suka biya, da rana, da tiya. Tsohon yana gyaɗa kai a kan kowane suna. Ashe mafi yawan hatsin ya dawo tun watan Nuwamba. Abin da ya rage kaɗan ne, kuma a hannun mutum uku yake.

Na kai kansu ke nan sai shugaba ya ɗaga hannu. "Rufe, Malam. Waɗannan ba a nan za a karanta su ba."

Na latsa, damin ya naɗe. Ya juya wurin tsohon ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da mu. Bayan taro ka tsaya, a ba ka sunayen, ku yi maganarku a gida."

Na daɗe ina tunanin wannan ɗaga hannun. Ni a lokacin murna nake yi na samu abin da ke buɗe komai. Shi kuwa ya riga ni gane cewa maɓallin aiki biyu yake yi. Yana buɗewa don wanke wanda aka zarga, yana rufewa don rufin asirin wanda ya kasa. Bashin hatsi ba abin wasa ba ne a ƙauye. Magidanci ya fi son ya kwana da yunwa da a karanta sunansa a gaban surukansa. Tun ranar muka yi ƙa'ida: a taro, hawa na 2 ake nunawa. Wakilin kowane ƙauye na da ikon cewa a buɗe masa nasa, shi da sakatarensa da shugaba. Ba a buɗe damin wani ƙauye don wani ƙauye ya kalla.

A nan ne kuma zan ja kunnen masu tura rahoto. Naɗewa ba gogewa ba ce. Idan ka naɗe ka tura fayil ɗin wani buro a Yamai, duk wanda ya latsa 3 ya ga sunan kowa da bashinsa. Haka idan ka zaɓi layukan da ke bayyane ka kwafa ka liƙa a wani wuri, har da naɗaɗɗun za su biyo ka. Hanyar ita ce: ka zaɓa, ka latsa F5, ka shiga Cellules, ka ɗauki Cellules visibles seulement, sannan ka kwafa ka liƙa lambobin a sabon fayil. Bugawa a takarda kuwa ba ta da wannan matsala, abin da ke bayyane shi kaɗai ke fita. Takardar da muke mannawa a ƙofar mangaza daga hawa na 2 take fitowa. Kuma cikin Sous-total akwai wani ɗan gida, Saut de page entre les groupes, wanda ke sa kowane ƙauye ya fito a takardarsa daban, sai a miƙa wa kowane sakatare tasa.

Wani abu da na lura da shi daga baya: da me ka ɗaure, shi ke yanke abin da taro zai tattauna. Idan na ɗaure bisa ƙauye, gardamar ranar ita ce wane ƙauye ya fi wane. Da na latsa Supprimer tout, na sake jerawa bisa wata, sai ga wata magana daban: a wane wata hatsinmu ke ƙarewa, kuma ko muna buɗe mangaza da wuri fiye da kima. Da na ƙara kolon na mace ko namiji na ɗaure da shi, sai ya fito cewa a littafinmu mata sun fi saurin biya. Ba abin mamaki ba ne a jahar da aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, amma ba a taɓa faɗar sa da lamba a taronmu ba, kuma na ga wasu fuskoki sun canza. Lissafin bai canza ba ko da tiya ɗaya. Don haka mai riƙe da linzami ya san cewa yana da hannu cikin maganar, ko bai buɗe baki ba. Ni yanzu iri biyu nake kawowa, ko uku, in bar kwamiti ya zaɓi wanda za a fara da shi. Irin wannan juye-juye kuma a kan kwafi nake yin sa, asalin yana gefe ba a taɓa shi.

Sauran ƴan ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata jimilla. Kolon ɗin awo lamba kaɗai ake sa masa. Idan wani ya rubuta "buhu 2" a ciki, Excel zai ɗauke shi rubutu, ya tsallake shi shiru, ba zai gaya maka ba. Mu komai da tiya muke rubutawa, buhun hatsi mai kilo 100 muna lissafa shi tiya 40. Kuɗi ma haka. A baki muna cewa jaka biyu ko dala ashirin, a cikin kwamfuta 2000 da 100 ake sawa. Kuma wanda ya kulle shafinsa da lambar sirri ya sani cewa alamomin buɗewa da naɗewa ba za su latsu ba sai ya cire kullen, kada ya je gaban jama'a ya tsaya yana dannawa.

Wanda ba shi da Excel, LibreOffice Calc kyauta ne, kuma F12 ke ɗaurewa a can. Google Sheets ma na yi, ga mai intanet.

Maganar rubutun suna kuwa sai da ta ci mana rabin zama. Ƴan lakwal suka ce a bi rubutun da ke kan takardun gwamnati, tunda da shi ake rubuta wa magajin gari wasiƙa. Sauran suka ce littafin na ƴan ƙauye ne, a rubuta yadda ake faɗa. Daga ƙarshe muka buɗe kolon biyu. Na Hausa shi ake jerawa da ɗaurewa da shi, na Faransanci yana gefe don wasiƙa. An buga sunayen goma sha ɗaya a ƴar takarda, an manna a bangon littafin kowane sakatare, daga ciki. Na ƙauyen nan da kansa ya zo ya karɓi tasa, ya ce a ƙara masa guda ya kai wa wanda ya gada.

Allah ya ba mu damina mai albarka.